Kwamfutar Ƙarshe a Ofishin Jarrabawa

A kwalejin nan babu mai kiranta da sunan da iyayenta suka raɗa mata. Tun tana ’yar shekara ashirin da biyu wani malamin lissafi ya tsaya a bakin ƙofar ofishin jarrabawa yana kallon yadda take ragargazar tafireta, idonta na kan takarda, ko sau ɗaya ba ta dubi hannunta ba. Ya riƙe baki ya ce, “Ikon Allah! Ashe ita kaɗai ce mai yatsu goma a makarantar nan, mu duk bibbiyu aka ba mu.” Daga ranar suna ya bi ta. Tsaranta su ce Yatsu Goma, na bayanta su ce Anti Yatsu.

’Yar fari ce a gidan wani mai gyaran agogo. Uban ya so ta yi aikin jinya, ita kuwa ko kaza ake yankawa sai ta bar tsakar gida. Da ya gaji, ya kai ta wata makarantar koyon bugu da ke saman shagon masu sayar da taya, inda wata tsohuwar malama mai zafin rai take kifa wa ɗalibai kwali a kan hannu don kada su leƙa haruffa. Wanda ya leƙa, ya sha rula. Wata tara ta yi a nan, ta fito da takardarta, kwaleji ta ɗauke ta. Ta auri wani direban babbar mota, mutum mai yawan dariya da son shayi, suka haifi ’ya ɗaya da suke kira Tilo, wadda ta girma ta zama malamar firamare a wani gari mai nisa.

Kada kuma wani ya ɗauka tsoron sabon abu halinta ne. Lokacin da aka fara kawo kwamfuta kwalejin, masu buga takardu su shida ne. Biyu suka nemi a canja musu wurin aiki, ɗaya ta ce hasken allon yana sa ta jiri, sauran suka yi tsuru-tsuru. Yatsu Goma ce ta ja kujera ta zauna gaban abin ta ce a nuna mata inda ake kunnawa. Cikin wata uku ita ke koya wa malamai. Bayan wasu shekaru aka sauya musu injuna, aka zo da wata babbar manhaja, wato wadda ke tafiyar da komai na cikin kwamfutar, ita ce ke nuna maka inda takardunka suke da inda za ka ajiye su. Wannan ta zauna da ita shekara goma sha uku, ta san ta kamar ɗakin kwananta. Linzamin nan da ake ja a kan tebur ba ya gabanta, ta ce ɓata lokaci ne. Da madannai take komai. Danna nan, tsallake uku, sauka huɗu, shiga: ga jakar da take ɓoye tambayoyin jarrabawa ta buɗe.

Tana da shekara hamsin da ɗaya ciwon suga ya taɓa mata ido. Da farko layukan rubutu ne suka riƙa lanƙwasa. Ta canja tabarau sau biyu. Sai wani duhu ya zauna mata a tsakiyar gani, kamar an dangwala yatsa mai maiƙo a kan gilashi. Tana ganin gefen abu, tana ganin launi da motsi, amma duk abin da ta zuba wa ido sai ya ɓace. Likitan ido ya yi mata allurai, ya ce za a iya rage masa gudu, amma abin da ya tafi ya tafi. Ta naɗe katin asibitin ta cusa a ƙasan jakarta, ba ta faɗa wa kowa ba, har mijinta.

Tana da dalilinta. Shekaru kaɗan kafin nan akwai wani dattijon abokin aikinta da hannunsa ya fara rawa. Ya je da kansa ya faɗa wa hukuma, yana neman a ba shi aiki mai sauƙi. Wata ɗaya bai cika ba aka sallame shi da sunan rashin lafiya, kuma ita aka ba takardar ta buga. Ga kuma babban dalili: Direba ya ajiye tuƙi, ƙodarsa ta gaza, sau biyu a sati ake yi masa wankin ƙoda, kuma da katin ma’aikatan kwaleji na matarsa ake karɓarsa a asibiti. Ranar da ta bar aiki, ranar katin zai daina aiki a kansa.

Sai ta shiga dabara. Ta sayi gilashin ƙara girman rubutu ta ajiye a aljihun tebur, ba ta fito da shi sai ta kulle ƙofa. Ta kafa doka cewa duk malamin da ya kawo tambayoyi sai ya zauna ya karanta mata da bakinsa tana bugawa, in ta fitar ya duba ya sa hannu.

“Rubutunku ya ishe ni,” in ji ta. “Kai Malam, wannan naka ko kaza ce ta bi ta kan takarda ai sai ta fi ka tsari.”

Malamai suka yi ta dariya, suka ce Anti Yatsu ta ƙara tsauri da tsufa. Magatakarda, wanda ofishin jarrabawa ke ƙarƙashinsa, har yabonta ya yi a taro, ya ce tsarinta ya rage kurakurai. Gaskiya ya faɗa. Shekara huɗu tana haka, babu wanda ya kama ta da harafi ɗaya a karkace. Allon kwamfutar a wurinta ya zama hazo mai launi, amma ba ta buƙatarsa. Komai na nan inda ta bar shi.

Ana nan sai Injiniya, mai kula da kwamfutocin kwalejin, ya tara ma’aikata a ɗakin taro. Magidanci ne mai haƙuri, da ɗan sanƙo, kullum da igiyar katin aiki a wuya. Ya ce masu tsohuwar manhajar sun daina kula da ita, ba sa ƙara toshe mata kafa, ta zama gidan da ƙofarsa ba ta da sakata. Ya ce dole kowa ya koma sabuwa.

Ɗaki ya ɗauki hayaniya. Mai kula da ɗakin karatu ya ce shi na’urarsa ta karanta lambar littafi da tsohuwar kaɗai take jituwa, in an sauya wa zai saya masa wata? Wata malamar harshe ta ce duk rubuce-rubucenta na shekara goma da tsofaffin haruffa masu lanƙwasa ta yi su, ta taɓa buɗe ɗaya a sabuwar kwamfutar ƙanenta ta ga ƙ ta koma alamar tambaya, ɗ ta koma akwati. Wani ya ce shi ba ya son abin da zai riƙa kai masa takardu can intanet bai aike shi ba. Wani dattijo a baya ya ce, “Ni shekara biyu ta rage mini, Injiniya. Sai yanzu na gane inda ake kashe wannan, za ka kawo mini wata?” Aka kwashe da dariya. Yatsu Goma ma ta yi dariya tare da su, amma tata ta leɓe ce kawai.

Duk masu hayaniyar nan ɗaya bayan ɗaya suka sallama. Aka saya wa mai ɗakin karatu sabuwar na’ura. Injiniya ya zauna kwana uku ya gyara wa malamar harshe haruffanta. Dattijon ya yi ƙunƙuni na sati biyu ya saba. Cikin wata biyar kwamfuta arba’in da ’yan kai sun koma sabuwa. Saura ɗaya.

Wata goma sha huɗu Yatsu Goma ta yi tana zille wa mutumin nan. In ya zo ta ce lokacin jarrabawa ne, ba a taɓa injin ofishin jarrabawa. In an gama ta ce ana haɗa sakamako. Ta ce firintarta tsohuwa ce ba za ta yarda da baƙuwa ba. Ya kawo sabuwar firinta, ta ce tana cin takarda. Ta ce sai an kwashe mata takardunta duka an ajiye a wuri biyu. Ya kwashe ya ajiye a wuri uku. Wata rana ta hango inuwarsa da igiyar katin nan tafe a baranda, ta kulle ƙofa ta yi shiru kamar ba kowa, yana ƙwanƙwasawa tana jin numfashinta.

“Anti,” ya ce mata wata safiya da ya ritsa ta, “don Allah me na yi miki? Ke ce fa aka ce kin koya wa rabin makarantar nan kwamfuta. Awa biyu kawai zan zauna da ke, wallahi kin fi ni iyawa.”

“Abin da ke aiki me ya sa za a taɓa shi?”

“Yana aiki ne yau. Ranar da ɓarayin intanet suka shigo ta nan, ni za a tambaya.”

“To bari a gama wannan zangon.”

Ya tsaya yana kallonta. Ita kuma ta karkata kai kaɗan, don ta gefen ido take ganin mutum. Ya ɗauka harara ce, ya fita ransa a ɓace.

Saura kwana goma a fara jarrabawar ƙarshen shekara jinin Direba ya faɗi ana tsakiyar wanki, aka kwantar da shi. Ta ɗauki hutun kwana biyu ta zauna a gefen gadonsa. A cikin kwana biyun nan Magatakarda, wanda Injiniya ya gaji ya kai wa ƙara, ya ba da mabuɗin ofis.

Da ta dawo ta danna makunni, sai ta ji wata ƙara da ba ta sani ba. Hazon da ke kan allo ya canja launi. Ɗan shuɗin da take gani a kusurwar hagu ta ƙasa babu shi. Ta danna, ta tsallake uku, ta sauka huɗu. Wani abu ya buɗe, ba ta san mene ne ba. Ta janye hannunta ta ɗora a cinya. Tun da ta fara aiki ba ta taɓa zama gaban inji hannunta a cinya ba.

Injiniya ya shigo da fara’arsa, da alama yana so a shirya. Ya ja kujera kusa da ita.

“Ki yi haƙuri, Anti, umarni ne daga sama. Amma duba, ba wuya. Kin ga nan?”

“Na gani.”

“Nan takardunki suke. Wannan kuma, kin ga mai ɗan hoton mutane? Rumbun kowa da kowa ne, inda ake sa jadawalin darasi. Malamai da ɗalibai duk suna shiga. Kada ki sa komai na sirri a ciki. Kin gan shi ko?”

“Na gan shi.”

Sau bakwai ya tambaye ta, sau bakwai ta ce ta gani. Duk lokacin maganar tana zuwa mata har bakin leɓe, sai ta tuna Direba kwance da robobi a hannu, ta haɗiye. Da ya fita ta kulle ƙofa ta ɗauko gilashinta ta manna fuska a allon har idonta ya yi ta zubar da ruwa. Ta hana kanta abincin rana kwana uku tana ƙirga sababbin matakai. Ta gano yadda ake buɗe shafi, ta gano yadda ake fitarwa a firinta. Wurin ajiya ma ta ɗauka ta gano.

Ranar Laraba shugaban sashen kimiyya ya zo ya karanta mata tambayoyin ’yan ajin ƙarshe. Ta buga, ta fitar, ya duba ya sa hannu ya tafi. Da ta zo ajiyewa wani malamin na tsaye a kanta yana jiran nasa, ba halin ɗauko gilashi. Hannunta ya yi abin da ya saba yi shekara goma sha uku. Wani ɗan akwati ya fito a tsakiyar allo, daidai inda duhun idonta yake. Ta danna shiga, ya ɓace.

Ranar Asabar tambayoyin suna cikin wayar kowane ɗalibi.

Aka soke jarrabawar ɗalibai kusan ɗari shida. Ranar Litinin aka kira ta gaban kwamiti: Magatakarda, shugaban sashen kimiyya, da wata mataimakiyar shugaban kwaleji. Injiniya na zaune a gefe da takarda a hannu, ya kasa ɗaga kai. Shi aka sa ya karanta abin da injin ya rubuta: daga kwamfutarta aka sa takardar a rumbun kowa da kowa, ranar Laraba, ƙarfe goma sha ɗaya da minti takwas.

“Malama,” in ji Magatakarda. Bai taɓa ce mata Malama ba. “Kafin takarda ta shiga rumbun nan, gargaɗi yana fitowa da jan rubutu, yana cewa kowa zai ga wannan, ka yarda? Aka danna an yarda. Haka ne, Injiniya?”

“Haka ne, ranka ya daɗe.”

“To babu mai ido biyu da zai ce bai ga wannan ba. Shekara talatin da uku muna ba ki amana. Ki faɗa mana wa ya sa ki, me aka ba ki, sai mu san yadda za mu rufa abin.”

Mataimakiyar ta ce in ba ta yi magana ba, abin zai bar hannunsu ya koma na ’yan sanda. Aka ba ta zuwa gobe.

Ta iso gida da la’asar. Direba na kishingiɗe a doguwar kujera a falo, an sallamo shi, ya rame, fatarsa ta yi toka-toka. Ta ajiye jaka ta zauna a ƙasa kusa da ƙafarsa ta faɗa masa an ce ta sayar da jarrabawa. Ta faɗi komai, ban da abu ɗaya.

Da ta gama ya ce, “Maman Tilo, gobe ki je ki gaya musu ba kya gani.”

Ta ɗago a firgice.

“Kin ɗauka ni ma makaho ne? Shekara nawa kina sa yatsa a bakin kofi in za ki zuba mini shayi? Rabon da ki yi mini faɗa a kan gemuna tun yaushe? Ranar nan a bakin asibiti kin gaida sandar fitila, na yi kamar ban ji ba.” Ya so ya yi dariya, tari ya tare shi. “Wa kike zato yake mayar da wuƙa da ashana inda kika saba ajiyewa in baƙi sun taɓa? Na ga kina so ki riƙe abinki, na bar ki.”

“Baban Tilo, katin. In sun sallame ni…”

“In sun kore ki da sunan sata ma katin tafiya zai yi, ya tafi da sunanki. Yarinyar nan aji take shiga, yara na kiranta Malama. Kina so a ce ’yar wadda ta sayar da jarrabawa ce? Ni kuma kwanana ba a aljihun Magatakarda yake ba.”

Ta kifa kai a gwiwarsa ta yi kukan da ta shekara huɗu tana riƙewa. Shi kuma yana ta buga mata kafaɗa a hankali da hannun da ba a huda ba.

Washegari ta shiga ɗakin kwamiti ta buɗe jaka. Ta ajiye gilashin ƙara girman rubutu a kan tebur, ta ajiye katin asibitin ido da ya yi laushi don naɗi.

“Ranka ya daɗe, jiya ka ce babu mai ido biyu da zai ce bai gani ba. Gaskiya ka faɗa. Ka rubuta abin da ka ga dama a takarda, da manyan baƙaƙe, ka ɗaga mini daga inda kake.”

Ya rubuta ya ɗaga. Ta dubi wajen da ta ji motsin takarda.

“Ina ganin farin abu a hannunka. Fuskarka ma rabona da ita shekara uku. Da murya nake gane ku.”

Shugaban sashen kimiyya ya tuna zaman da yake yi yana karanta mata tambayoyi tana yi masa tsiyar rubutu, ya ce, “Innalillahi.” Injiniya ya tashi ya fita, ba a ba shi izini ba.

Ta ɗauka tausayi zai fara zuwa. Abin da ya fara zuwa tsoro ne. Mataimakiyar ta ce, “Wato shekara huɗu duk takardun sirrin kwalejin nan wadda ba ta gani ce ke buga su? In wannan ya fita waje, mu me za mu ce?”

“Akwai wadda aka samu da kuskure, ranki ya daɗe?”

“Ga ɗalibai ɗari shida can a waje suna jiran amsar wannan tambayar.”

An wanke ta daga zargin sata, an rubuta cewa kuskure ne. Bayan sati uku takardar sallama ta iso gida, ritaya saboda rashin lafiya. Ba a yi mata taron ban kwana ba, an ce yanayin bai dace ba. Masinja ne ya kawo mata kofin shayinta da ’yar matashiyar da take jingina baya, a cikin leda.

Wata Asabar da hantsi aka yi sallama, sai ga Injiniya da ƙaramar kwamfuta a hammata. Ya gaida Direba, ya zauna a bakin kujera, ya daɗe yana juya hula a hannu.

“Anti, sau bakwai na tambaye ki. Na ƙirga daga baya. Barci ya gagare ni a kan wannan.”

Ya buɗe kwamfutar ya ɗora mata a cinya, ya kama yatsunta ya ɗora a kan madannai uku ya ce ta danna tare. Ta danna. Wata murya ta fito tana faɗin abin da ke kan allo, ɗaya bayan ɗaya. Ta matsa ƙasa, muryar ta faɗi sunan jaka. Ta ƙara matsawa, ta faɗi na gaba.

“Tun yaushe take da wannan?”

“Tun ranar farko. Tsohuwar ma tana da ɗan nata, sai dai bai kai wannan ba. Da kin ce mini uffan…”

“Da na faɗa maka, za ka rufa mini asiri?”

Mutum ne da ba ya iya ƙarya. “Da na kunna miki. Amma inji yana karanta tambayoyin jarrabawa a ofis, ko da abin kunne ne… Ina jin da sai na gaya wa Magatakarda.”

“To ka gani.”

Sai ya ce ta buga wani abu ta ji. Ta buga, “Direba ya ƙi shan magani.” Muryar ta karanto shi da wani irin harshe, kamar baƙon da ya kwana biyu a gari yana ciniki a kasuwa. Direba ya yi dariya har hawaye, ya ce a maimaita masa, ya ce ko karen motarsa na da can ya fi wannan iya Hausa. Sau biyar aka maimaita. Injiniya ya bar mata kwamfutar, ya ce tasa ce ta gida, ba ta kwaleji ba.

Katin ya daina aiki a ƙarshen watan. Na masu ritaya ita kaɗai ya ɗauka, ban da miji. Tilo da mijinta suka yi iya yinsu, ’yan’uwa suka taimaka, amma wankin ya koma sau ɗaya a sati, wani satin ma a tsallake. Ƙafafunsa suka kumbura har takalmi ya daina shiga. Bai taɓa tayar da maganar ba, ita ma haka. Wata bakwai bayan sallamarta ya rasu, da rana tsaka, tana kicin tana dafa masa ruwan zafi.

Tilo ta zo ta kwashe ta zuwa garinsu, ta ba ta ɗakin da ke kusa da ƙofar gida. A can, don zaman ya yi mata yawa, ta jawo kwamfutar daga ƙasan akwati ta fara bin muryar nan. Sati shida ta ɗauka. Cikin sati shida ta san sabuwar manhajar ciki da waje, tana buɗewa tana ajiyewa tana aika saƙo, babu abin da ya gagare ta. Ranar da ta tabbatar ta iya, ta rufe injin ta juya fuska ga bango, ta ƙi cin abinci har washegari. Tilo ta yi tambayar duniya, ba ta faɗa mata dalili ba.

Yanzu ragowar ganin ma ya tafi, sai haske da duhu. Tana buga wa Tilo tambayoyin gwajin ’yan aji huɗu, lissafi da rubutu, minti goma ta gama, sauran yinin nata ne. Wani lokaci wayarta takan yi ƙara, sai ta ji muryar matar da aka ɗauka a gurbinta.

“Anti, ina wuni? Don Allah takardar sakamakon nan ta masu maimaita aji, Magatakarda ya dawo mini da ita sau biyu, ya ce ba haka ake tsara ta ba, kuma ya ƙi faɗa mini yadda ake yi.”

“Shi ma bai sani ba. Ɗauki biro. Lambar ɗalibi ce farko, ba suna ba. Ki bar layi biyu bayan kowane mutum goma, don a nan yake sa hannu. Kwanan wata a ƙasa ta dama, kada ki kai shi sama.”

“Layi biyu… ta dama. Na gode, Anti. Ga shi nan yana kira na, sai anjima.”

Wayar ta katse. Tilo ta leƙo daga tsakar gida da kwanon wanki a hannu.

“Mama, su waye?”

“’Yan ofis ne.”

“Har yanzu? Mutanen da ko gaisuwar Baba ba su zo ba? Ni da kin bar ni na amsa.”

“Ita ba ta san shi ba, bayana ta zo. Ki duba min caja, wayar nan ta kusa mutuwa, kuma na san za ta sake kira. Ban faɗa mata na masu canjin sashe ba.”